Yaya Haruna Ba Ya Shiga Ɗaki

Ranar Talata ce, cikin kaka, shekarar da soja suka canja kuɗi. Mun yi asuba a masallacin unguwa, muka dawo gida. Unguwar tamu a ƙasar Jajaye take, 'yan gidaje ne da ba su kai a ce musu gari ba. An yanke dawa, tana shanye a gona. Abin da ya rage a gyara rumbu a zuba.

Mu biyu ne maza a gidan, ni da wana, Yaya Haruna. Shi ne ɗan fari. Matarsa Indo ta kwashi yara tun da sassafe sun tafi roron gyaɗa a gonarmu ta nesa. Tawa matar tana gidansu a garin Fulatan, goyon ciki. Saura Inna, mahaifiyarmu, a ɗakinta. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, sai an kama ta ake fito da ita shan hantsi.

Daga kan tabarma ta ce da ni, "Ilu, gaya wa wancan kokonsa na hucewa."

Wancan ɗin yana tsaye a bakin ƙofarta. Tunda Inna ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. Ya yi dariya ya ce, "Ilu, gaya mata wancan ya ji."

Rumbunmu na ƙasa ne, mai tumbi, an ɗora shi a kan duwatsu, bakinsa a sama, ƙunci kamar na tulu. Kowace kaka sai an shiga an kankare cikinsa, an shafe da toka da kashin shanu saboda gara. Ni ne siriri, ni nake shiga. Na hau tsani, na zura ƙafa, na dira da 'yar fartanyata. Yaya ya zauna a baki yana zuro mini kwaɓin a ƙwarya.

"Ɗan boko, shafa da kyau," in ji shi. "Ba allon makaranta ba ne."

Aji huɗu na yi kafin Baba ya rasu a cire ni. Yaya bai taɓa barina na manta ba.

Kafin ranar an yi rigima a unguwar da ke gabas da mu. Wasu baƙin makiyaya ne masu wucewa, ba Fulanin da muka tashi tare ba. Shanunsu suka afka wa dawar wani a shanya. Samari suka sassari shanun. Wasu suka ce an kashe mai kiwon, wasu suka ce ƙarya ne. Aka kai magana gaba. Aka aiko mana cewa mu kwantar da hankali, ana bincike. Muka kwantar.

Hantsi ya ɗaga. Abin da na fara ji zabi ne, sun tashi gaba ɗaya. Sai jaki. Sai ihun mace daga gabas, dogo, ya yanke a tsakiya. Sai bindigar toka.

Yaya ya miƙe a kan rumbun ya duba. Ban ga abin da ya gani ba, fuskarsa kawai na gani daga ƙasa. Ya juya zai sauka, ƙafarsa ta ture tsanin, tsani ya faɗi. A daidai nan na ji an bangaje ƙyauren zaure. Ya zuro ƙafafu, ya jawo jinkar da ake rufe bakin da ita, ya saki jiki ya faɗo a kaina.

Duhu ya rufe mu, da warin ɗanyen kashin shanu. Sai muryoyin baƙin makiyayan suka cika tsakar gida.

"Ku fito!"

"Kora awakin!"

"Kunna!"

Danga tana karyewa. Tukwane suna fashewa. Sai wata ƙara ta taso kamar ruwan sama mai ƙarfi a kan kwano. Wanda bai taɓa jin jinka ta kama ba ba zai gane ba. Daga ɗakina ta fara. Ta bi na Indo.

Sai Inna ta kira. "Ilu! Ilu!" Ta yi tari. Sannan ta ce, "Haruna."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Amma ya ji. Mutum ya haura arba'in bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba sai ranar. Ta sake. Ta sake.

Ya miƙe ya kama bango zai hau. Na rungumi ƙugunsa na kayar da shi, na hau kansa, na cusa masa hulata a baki. Yaya ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Na taɓa ganinsa ya ciro jaki da kayansa daga cikin laka. Amma ranar na danne shi. Ina jin takun mutane suna zagaya rumbun. Da ya fita da gawa uku aka yi. Masu cewa da su ne da sun yi kaza, ba sa nan.

Muryar Inna ta tsaya kafin rana ta take tsaka.

Daga nan tartsatsi ya kama jinkar da ke kanmu. Ta ci, garwashi yana zubo mana a baya. Hayaƙi ya sauko ya cika rumbun kamar ana ɗura ruwa a tulu. Muka kifa fuska a jiƙaƙƙen shafen da na yi, muna jan numfashi ta cikin kashin shanu. Tari ya taso wa Yaya. Ya ciji damtsensa har na ji ɗumin jini a hannuna.

Da jinkar ta cinye sai baki ya buɗe, muna ganin ɗan zagayen sama. Na ce sun tafi. Ashe ba su tafi ba. Duk gidan rumbun nan ne kaɗai ya rage mai inuwa, sai suka zauna a gindinsa. Suka yanka ragon Yaya, suka gasa. Ɗaya ya jingina bayansa da bangon, tsakanin kunnena da shi bai fi tafin hannu ba. Ina jin taunarsa. Tsani yana yashe a gabansu. Da ɗaya ya ga dama ya hau ya leƙa, shi ke nan.

Azahar ta wuce ba kiran salla. Ina kwance a kan Yaya. Zuciyarsa tana dukan ƙirjina kamar taɓarya. Gumi ya jiƙa shi, ya yi ta karkarwa. Can sai karkarwar ta tsaya. Idonsa a buɗe, ba ya ƙiftawa.

Da la'asar wani ya yi fito. Shanu suka motsa. Takun ya yi yamma, ya yi nisa, ya ɓace. Na jira har hasken da ke bakin rumbu ya yi ja. Na ce da Yaya ya durƙusa in taka kafaɗarsa. Bai motsa ba. Na ɗauki fartanya na fasa bangon daga ƙasa, na rarrafa na fita. Bai biyo ni ba. Da ƙafa na jawo shi.

Ɗakin Inna ba rufi. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Na samo wani zana da ya tsira na rufa mata. Yaya yana tsaye a tsakar gida yana kallon ƙasa.

Muka bi ta cikin kara, ba ta hanya ba. Ina riƙe da hannunsa kamar makaho. Muka tsallake rafi. Muka wuce rugar Fulanin da muka sani, ba kowa, su ma sun gudu don tsoron ramuwa, sun bar ƙorai a kife. Ƙaya ta cika mana ƙafa. Duk inda kara ya motsa sai Yaya ya kwanta, in tashe shi.

Ana kiran isha'i muka shiga Rogo. Makarantar firamare ta cika da mutanenmu. Indo tana nan da yara, sun tsira ta gonar. Ta tare mu ta ce, "Ina Inna?" Yaya ya wuce ta kamar bai san ta ba. Aka nuna mana ajin da za mu kwana. Ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Ya juya ya koma gindin bishiya ya zauna. Na ɗauka zafi yake ji.

Washegari aka koma da 'yan sanda aka binne mutane. Na je. Yaya bai je ba. Da muka dawo muka hau a-kori-kura zuwa Karaye, gidan Kawu Bala, ƙanin Inna. Ma'aikacin ofis ne, mai rubutu, mutum mai son a gan shi fes. Ya karɓe mu, ya ba mu ɗakuna biyu da hatsi. Wannan ba na musun sa.

Yaya bai shiga ɗakin ba. A tsakar gida yake kwana, in ma kwana za a ce, don a zaune yake wayar gari. A wajen masallaci yake bin salla. In mata suka hura murhu hayaƙi ya biyo ta kansa, sai ya zube ya kifa fuska a ƙasa, gumi na zuba. In aka ajiye taɓarya da ƙarfi ya zabura. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa yaro hannu ba ya mari 'yarsa don ta ja ƙyaure. Daga baya ya zauna yana kallon hannun nasa.

Amma da sanyi ya fara wucewa ya ɗan dawo. Ya fara cin tuwo. Ya gyara wa Kawu danga ba wanda ya sa shi. Wata rana na same shi zaune a dokin ƙofar zaure, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Ya ɗago ya ce, "Ɗan boko, ina ka shiga?" Na ce a raina, alhamdulillahi, mutum na dawowa.

Kawu shi ba haka ya gani ba. Baƙi suna zuwa gaishe shi suna tarar da ɗan 'yar'uwarsa a yashe a waje da datti. Gari ya fara magana. Aka ce iska ce ta shige shi a rumbu. Aka ce sammu ne. Wani tsoho ma ya ce ƙarancin tawakkali ne, wa bai rasa uwa ba?

Ranar da na koma unguwa kwaso ragowar dawa, Kawu ya kawo wani mai magani daga wajen Ruwan Bago. Kowa a ƙasar nan ya san yadda ake korar iska. A sa mutum a ɗaki, a rufe ƙofa da taga. A lulluɓe shi da bargo. A tura kaskon garwashi a ƙarƙashin bargon, a zuba turare da saiwoyi, ya shaƙi hayaƙin har abin da ke jikinsa ya fita. An yi wa kakanninmu, an yi wa wasu sun ce sun ji daɗi. Ba wanda ya tsaya ya tambaya daga ina mutumin nan ya fito.

Da la'asar na dawo. Tun daga bakin layi na ji muryarsa. Ba ihun mutum ba ne. Indo tana tsakar gida ta toshe kunnuwa. Hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin ƙofa.

"Ku riƙe shi! Ga ta nan tana fita!" in ji mai maganin daga ciki.

Na taka ƙofar ta ɓalle. Ƙarti huɗu ne a kansa. Na yi ƙwallo da kaskon. Na yaye bargon. Ya ciji damtsensa a daidai tsohon tabon. Idonsa a buɗe, ba ya ƙiftawa. Na san idon.

Kawu ya ce, "Ilu, ka ɓata aiki. Saura kaɗan."

Na kama Yaya na fito da shi tsakar gida, ban taɓa Kawu ba. Ƙanin uwata ne.

Daga ranar Yaya ya daina zabura sosai, ya daina faɗa, ya daina komai. Kawu ya ce ka gani, magani ya ci. Yaya ba ya ci sai an ba shi a baki. Ba ya wanka. Yara su zo su tsaya a gabansa ya dube su kamar kara. Wata safiya ya ce da ni, a hankali, da na bar shi ya fita daga rumbun ranar nan, da ya huta. Na kwashe igiyoyi da wuƙaƙen gidan na ɓoye.

Na kai shi asibiti a Kano, a bayan buɗaɗɗiyar mota. Ya ƙi shiga ofishin likita. Likitan ya ɗauko kujerarsa ya fito baranda. Ya sa na ba shi labari tun daga farko. Da na zo kan bargo da kasko sai ya ajiye biro.

Ga abin da ya gaya mini, yadda kaina ya iya ɗauka. Ya ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri, aikinsa gadi. In ya hango haɗari sai ya yi kururuwa, jiki ya zubo wasu sinadarai a cikin jini. Zuciya ta yi gudu, numfashi ya ƙaru, yunwa ta ɗauke, barci ya ɗauke. Ya ce rahama ce, da ita mutum ke tsere wa maciji. Amma don ɗan lokaci aka yi ta: ka gudu ko ka yi faɗa, sannan ta lafa. Yaya bai gudu ba, bai yi faɗa ba. Jikinsa ya cika da abin gudu, ya wuni a danne. Mai gadin bai taɓa jin an ce an gama ba.

Ya ce akwai kuma wurin da ke ajiye abin da ya faru, ya ce wannan jiya ne, wannan yau ne. Akwai wani wurin daidai goshi, mai lallashin mai gadi ya ce kwanta, murhu ne kawai. In sinadaran nan suka daɗe suna kwanciya a kansu sai su yi rauni, kamar gyaɗar da ruwa ya kwanta wa. Shi ya sa a wajen Yaya hayaƙin tuwo da hayaƙin rumbu duk ɗaya ne, kullum Talatar nan ce. In kuma aka yi wata da watanni a haka, jiki sai ya gaji. Abin da ke sa mutum ya ji daɗin abinci, ya ji daɗin dariyar ɗansa, sai ya ƙafe. Ciwon damuwa ya kira shi. Ya ce ciwo ne kamar ciwon suga, ba ruwansa da ƙarfin imani.

Na ce, "To da ya fara zama a bakin zaure fa?"

Ya ce ƙwaƙwalwar ce ta fara koyon cewa ɗaki ba rumbu ba ne. Da an bar ta, da ta koya. Sai aka rufe shi da hayaƙi, aka nuna mata ashe tsoronta gaskiya ne.

Ya ba da ƙwayoyi. Ya ce a riƙa dawowa. Ya ce kada a sake rufe shi, kada a tilasta shi, a bar shi ya yi aikin hannu, ya kusanci ƙofa da ƙafarsa. Sannan ya dubi hannuna a kan gwiwa ya ce, "Kai fa, kana barci?" Na ce lafiyata lau. Matata tana raye, ku tambaye ta. Ta ce zama da ni kamar kwana da kunama a tabarma.

Da muka koma Kawu ya ce ƙwayar Bature ba ta korar iska. Ya ce ya yi magana da wani gida da ake ajiye irinsu, a sa masa mari a ƙafa, a ba shi ɗaki, kowa ya huta. Ranar na kwashe mu daga gidansa. Wani manomi a bayan gari ya ara mana fili. Na yi wa Indo da yara ɗaki, na yi wa iyalina. Yaya na kafa masa rumfa, dirka huɗu da rufin kara, ba bango ko ɗaya. Rufin ma sai da ya yi kwanaki yana kallonsa daga nesa kafin ya shiga.

Indo ta zauna. Ban san wata mace da za ta zauna ba. Kafin ta hura wuta sai ta watsa ƙasa sama ta ga inda iska ta nufa, ta ɗauki murhunta ta koma bayan iskar. Shekara da shekaru haka take girki, yau a nan, gobe a can.

Ƙwayar ta ba shi barci. Ya koma riƙe fartanya. Yakan yi kunya biyu ko uku ya tsaya, ya manta abin da yake yi. Wata shekarar ya yi dama-dama, har ya je Idi, tunda a fili ake yi. Wata shekarar ya kwanta tun daga kaka har bazara, fuska a ƙasa. Kaka ce ta fi masa wuya, lokacin da ake ƙona kara. 'Yarsa ta yi aure bai shiga ya ga ɗakinta ba. Unguwarmu an sake gina ta, mutane sun koma, har ana cewa abin ya wuce. Mu ba mu koma ba.

Bai ƙara ce mini ɗan boko ba.

Daminar da ta ɗauke shi mai ruwa ce. Rumfa ba ta tare feshi. Na rataya masa zana ta gefen da ruwa ke bugowa, ya tashi ya cire. Sanyi ya kama masa ƙirji. Indo ta durƙusa ta roƙe shi ya shiga ɗaki ko na kwana ɗaya. Maƙwabta suka ce mu ɗauke shi da ƙarfi, ai ba shi da ƙarfin hanawa. Gaskiya ne, ba shi da shi. Ya kama hannuna ya dube ni. Na ce ba mai taɓa shi. Malamin asibiti ya zo ya yi masa allura a nan rumfar. Ba ta yi ba. Ya cika da hantsi, ranar Alhamis, sama a buɗe.

A maƙabarta ni na shiga na karɓe shi. Na kwantar da shi a kan damansa. Ramin ƙunci ne, daidai kafaɗa. Aka fara miƙo mini itatuwan rufi, ina jerawa tun daga ƙafa. Na rufe gwiwa. Na rufe ƙirji. Da na zo kan fuska sai hannuna ya ƙi.

Liman ya ce, "Malam Ilu, hadari na tasowa."

Kawu Bala ya tsufa, yana dogara sanda. Ya matso ya miƙo hannu zai karɓi itacen. Na ce, "Ba kai ba, Kawu." Mai haƙar kabarin ne ya sauko ya ƙarasa. Ni na fito na juya baya har aka gama zuba ƙasa.

In an tambaye ni mutum nawa gidanmu ya rasa a ranar Talatar nan, cewa nake biyu. Ɗayan dai mun daɗe ba mu binne shi ba.